Darasi: Lafiyar matanmu fatake a zafin Guangzhou

 

Da wuya a sami zango a yau, daga Kumasi zuwa Agege, daga Nima ta Akra zuwa Yawunde, da ba a san wata Hajiya mai zuwa ƙasar Sin saro kaya ba. Atamfa da leshi, takalma da jakunkuna, labule da kayan kicin na ɗakin amarya, da yawansu ta hannun waɗannan mata suka iso kasuwanninmu. Da ribar ake biyan kuɗin makaranta, ake aurar da 'ya'ya, ake ciyar da marayu. Muna yawan tambayar su farashin kwantena da canjin dala. Ba mu cika tambayar su abin da suka ci da awa nawa suka yi barci ba. Darasinmu na wannan fitowa a kan haka yake: yadda mace mai hidima za ta kula da cinta da shanta da motsa jikinta a watannin zafi a birnin Guangzhou, da kuma rabon da ya hau kan mu mutanen gida.

Wurin da muke magana a kai

Guangzhou babban birnin lardin Guangdong ne a kudancin Sin. Titin Huanshi, wanda Sinawa ke kira Huanshi Lu, doguwar hanya ce da ta ratsa arewacin tsohon gari. A ɓangarenta na yamma babbar tashar jirgin ƙasa take, kewaye da kasuwannin tufafi irin su Baima. A tsakiyarta unguwar Xiaobei take, inda ginin Tianxiu da lungunan Dengfeng suke, kuma nan ne Musulmin Afirka ta Yamma suka fi sauka: mutanen Mali, Gini, Senegal, Nijar, Najeriya da Gana. Layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha a Xiaobei. Ba nisa da nan akwai masallacin Xianxian, inda kabarin da Musulmin Sin ke dangantawa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, kuma jama'armu na cika shi ranar Juma'a. A shekarar 2014 hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka da ke Guangzhou sun kai wajen 16,000.

Matanmu a can kashi biyu ne. Akwai masu zuwa na mako biyu ko uku, su yi sari, su loda kaya, su koma. Akwai mazauna: matan aure, ɗalibai, masu tsaron shago, masu tafinta, da masu dafa tuwo da miya a gida suna kai wa fatake. Na farko yawo da tsayuwa ke cinye su. Na biyu zama wuri ɗaya ko tsayuwa a gaban wuta. Zafin kuwa bai bar kowa ba.

Abin da ya bambanta zafin can da namu

Wadda ta tashi a Sakkwato ko Maraɗi za ta ce wane zafi ne za a nuna mata, ita da ta san bazarar da ma'auni ke wuce 40. A Guangzhou, a watannin Yuli da Agusta, zafin rana yakan tsaya wajen 33 zuwa 35. A takarda ya fi namu sauƙi. A jiki kuwa wani abu ne dabam, kuma dalilin yana cikin randar tsakar gida.

Kowa ya san randa ta fi sanyaya ruwa da rani. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa a iska, bushewar ce ke janye zafi. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da danshi, randar ba ta bushewa, ruwan ma ba ya yin sanyi sosai. Jikin ɗan Adam haka yake aiki. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe a kan fata. Guangzhou gari ne na bakin kogi kusa da teku, daminarsa daga Afrilu zuwa Satumba, ruwan da yake samu a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano. Zafinsa da daminarsa tare suke zuwa. Gumi yana zuba, riga tana jiƙewa, amma ba ya bushewa. Ruwan jiki yana tafiya, zafin yana nan. Da dare ma garin ba ya hucewa kamar yadda namu ke yi, saboda siminti da kwalta sun sha rana.

Jiki yana iya sabawa, amma yana buƙatar kwana 7 zuwa 14. Ku lura da wannan lissafi: mai zuwa sari na mako biyu, lokacin da jikinta zai saba, lokacin ne take haɗa kayan komawa. Kwanakin farko, waɗanda ta fi zafin nema a cikinsu, su ne mafi haɗari. Don haka kwana biyu ko uku na farko a sassauta, a fara da kasuwannin cikin gini, a bar zuwa sito da masana'antun bayan gari sai jiki ya ɗan daidaita.

Hukumar yanayi ta can tana fitar da gargaɗin zafi da launi: ruwan ɗorawa idan za a kai 35, ruwan lemo idan za a kai 37, ja idan abin ya wuce haka. Ana gani a waya. Ranar da aka sa ruwan lemo ko ja, a mayar da yawon waje safiya da yamma.

Ruwa

Mace baliga tana buƙatar ruwa wajen lita 2 a rana ta yau da kullum, kuma buƙatar tana ƙaruwa idan tana yawo cikin gumi, ko tana da juna biyu, ko tana shayarwa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari. Idan fari ne ko ya ɗan yi ruwan ɗorawa kaɗan, ruwa ya wadata. Idan ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan ne, jiki yana bin bashi.

Akwai abin da ba a cika faɗa a gaban maza ba, amma darasi ba ya jin kunya. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matsa musu a kasuwa, saboda neman bayi mai tsabta da ruwan tsarki, da kuma son riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar. Wannan yana jawo ciwon mafitsara, ciwon kai da taurin bayan gida, kuma yana taimaka wa tsakuwar ƙoda. Maganinsa ƙaramar gorar roba a jaka don tsarki, da sanin inda bayi yake a kowane gini tun shigarki. Sabunta alwala ya fi sauƙi a kan kwanciya asibiti a ƙasar da ba ki jin harshenta.

Ruwan famfo a can sai an tafasa ake sha, Sinawa ma haka suke yi, kuma kusan kowane ɗakin otal yana da butar lantarki. A tafasa da dare, a bar shi ya huce, a cika gora biyu da safe. A riƙa kurɓa kowane rabin awa, kada a jira ƙishi. Wadda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ta tambaye shi adadin da ya dace da ita tun kafin ta tashi.

A yi hattara da kayan zaƙi na gwangwani da kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa, wato wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Gwangwanin lemon kola ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35. Biyu sun wuce iyakar yini. Shayin madara mai ƙanƙara da ake sayarwa a kowace kwana shi ma sukari ne tsagwaronsa, haka shayin ganyen gargajiya na jan gwangwani. A shago a nemi wanda aka rubuta wa "wu tang", wato marar sukari. Zoɓo busasshe yana samuwa a shagunan ganyen shayi da sunan "luoshenhua", citta kuwa tana ko'ina. A dafa a ɗaki, a sa sukari kaɗan ko a bar shi haka. Mai shan maganin hawan jini kada ta yawaita zoɓo ba tare da sanin likitanta ba, domin shi ma yana sauke jini.

Abinci

Yadda yini ke tafiya ga mafi yawan fatakenmu sananne ne. A tashi a makare, a sha shayi da burodi ko a fita haka, a wuni ana ciniki, sai bayan isha'i a zauna wa tulin shinkafa da soyayyen nama, a kora da lemo, a kwanta. Cikin da ya wuni fayau cikin zafi shi ke kawo jiri da rawar jiki da la'asar. Cikin da aka danƙare da tsakar dare shi ke kawo ƙwannafi da rashin barci. Ga mai ciwon suga kuwa, duka biyun haɗari ne.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A raba abincin gida uku. Da safe a ci abin da zai riƙe ciki: dafaffen ƙwai, kunu ko koko, madarar waken suya, ayaba. Sinawa suna da ƙaramar hatsi mai kama da gero da suke kira "xiaomi", tana yin kunu mai kyau a tukunyar lantarki. Da rana a ci abu marar nauyi ko da a tsaye ne: dabino da gyaɗa daga jaka, nono marar sukari, dafaffiyar masara ko dankali. Da dare a ci da wuri, a rage yawa. A faranti, rabi ya zama ganye da kayan lambu, kwata shinkafa ko tuwo ko taliya, kwata kifi, kaza, wake ko ƙwai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi yara ma sun haddace shi a islamiyya. A zafin Guangzhou ne mutum ke ganin amfaninsa a jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Wannan ya fi sauƙi a can fiye da garuruwanmu da yawa, domin kasuwannin unguwa cike suke da ganye mai araha, kuma rabinsu mun san su. Alayyahu yana nan, kuɓewa ɗanya tana nan, ganyen dankali, kabeji, yalo, tumatir, kokwamba, kabewa. Akwai wani mai ɗaci, ɗan uwan garahuni, da Sinawa ke ci musamman don zafi. Kankana, gwanda da mangwaro suna da yawa. A Yuni da Yuli 'ya'yan lici ke cika gari. Suna da zaƙi ƙwarai, mai ciwon suga ta taƙaita, kuma kada a bar yaro ya cika ciki da su alhali bai ci abinci ba, don suna iya faɗar masa da sukarin jini.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, baƙin romon waken suya da Sinawa ke zubawa a girki gishiri ne, taliyar leda kuwa ƙullin yajinta kaɗai yana iya cinye mafi yawan rabon yini. Mai gumi tana buƙatar gishiri, amma wanda ke cikin abincin yau da kullum ya isa. Hawan jini ya yi yawa a tsakanin iyayenmu mata, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. A gidan abinci ana iya cewa "shao yan", a rage gishiri, da "shao you", a rage mai. A girkin gida daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna rage buƙatar dunƙule.

Batun halal ya shafi lafiya kai tsaye, domin tsoron haram ne ke sa wasu matan wuni a kan biskit da lemo. Tsoron yana da dalili: girkin mutanen Guangdong yana yawan amfani da ƙashin alade a romo, da kitsensa a wasu kayan fulawa, da giyar girki a nama da kifi. Amma kewayen Xiaobei cike yake da gidajen abincin Musulmin Sin, Hui da Uigur, da na Larabawa da Turkawa da namu. Alamar da za a nema ita ce 清真, ana karanta ta "qingzhen". A ajiye hotonta a waya. 'Ya'yan itace, dafaffen ƙwai, gyaɗa da masara kuwa ba su da shubuha a ko'ina. A sani kuma dokar kwastan ta Sin ta hana matafiyi shigo da nama, ɗanye ko busasshe, da madara da ɗanyun 'ya'yan itace. Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida.

Ƙarancin jini ya kama kusan mace 3 cikin 10 masu shekarun haihuwa a duniya, kuma mai ƙarancin jini ta fi saurin galabaita a zafi. Hanta, jan nama, wake da ganye suna gina jini. Lemon zaƙi ko tumatir tare da abinci yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke ciki, shayi kuwa yana hana shi. A jinkirta shayi awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Ga masu dafa abincin sayarwa, amana ce a wuyanku. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin ma'auni 5 da 60, kuma ɗakin Guangzhou da rani yana tsakiyar wannan. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Shinkafar da ta kwana a tukunya tana iya ɗaukar gubar da ɗumame ba ya kashewa. Abin da ya rage a sa a firji da wuri, a ɗumama shi har ya yi tururi sosai, sau ɗaya kawai. Ita ma mai girkin, kicin ɗinta ya fi titi zafi: ta buɗe taga, ta kunna fanka mai zuƙe hayaƙi, ta yi girki mai nauyi da sassafe.

Motsa jiki

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato irin tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma numfashinki ya ɗan ƙaru, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 30 sau 5 ya cika mafi ƙarancin adadin. Ana iya yanka shi goma-goma.

Mai yawon sari za ta ce ai ita wuni take a ƙafa. Gaskiya ne, kuma ba za mu ƙara mata tafiya ba. Abin da ke damunta tsayuwa ce wuri ɗaya ana ciniki, da ɗaukar kaya ba bisa ƙa'ida ba. Tsayuwa mai tsawo cikin zafi tana tara jini a ƙafa, ƙafa ta kumbura, jiri ya biyo baya. Yayin da ake jiran mai shago ya kawo samfur, a riƙa ɗaga dugadugai ana saukewa, a zauna in an sami kujera. Da dare a kwanta a ɗora ƙafafu a kan matashi ko jikin bango minti 15. Wajen ɗaukar kwali a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kaya a manne da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. A sayi ƙaramin keken jan kaya, babban ƙunshi kuma a biya masu dako. Kuɗin dako bai kai kuɗin jinyar baya ba. Takalmi ya zama shimfiɗaɗɗe mai taushi wanda ya riƙe ƙafa, domin tayil ɗin kasuwa da matattakalar gadar Xiaobei suna santsi bayan ruwa.

Mazauna kuwa, masu wuni a shago ko a ɗaki a bene na goma sha, su ne ke buƙatar fita. Lambun Yuexiu yana manne da titin Huanshi, yana da ƙofa ta wajen Xiaobei, shiga kyauta ne, ga inuwa ga tafkuna. Lambun Luhu ma yana kusa. Da rani rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, don haka daga sallar asuba zuwa ƙarfe 7 da rabi shi ne lokaci mafi sanyi a yini. Duk wadda ta je za ta tarar da tsofaffin matan Sinawa, wasu sun haura saba'in, suna tafiya, suna miƙe gaɓoɓi, suna amfani da ƙarafan motsa jiki da hukuma ta kafa. Ba wanda ke ganin girmansu ya zube. Mu ma muna da abin koyi a gida: Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mata biyu ko uku su haɗu su riƙa fita tare, cikin suturarsu, ya fi aminci kuma ya fi ɗorewa.

Ranar ruwa ko guguwa, ɗaki ya isa. A zauna a kujera a miƙe sau 10 ba tare da dafa hannu ba. A dafa bango a tura jiki sau 10. A ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu sau 10. A maimaita duka sau 2 ko 3. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya da mai ciwon gwiwa su nemi shawarar likita kan abin da ya dace da su.

Sutura ta zama auduga mai sauƙi, mai faɗi, mai haske. Baƙar abaya ta roba a kan riga a kan siket tana kulle zafi. A riƙe lema kamar yadda matan garin ke yi, tana tare rana tana tare ruwa. A ɗauki hijabi na biyu a jaka don canji. Bayan wanka a tsane matsematsin jiki sosai, don nan ƙurajen zafi da ƙaiƙayi ke farawa. Masu shafa man bilicin su sani yana sirantar da fata, rana da ƙuraje sun fi cin ta.

Barci da waya

Agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7, yana gaban na Gana da awa 8. Ƙarfe 6 na yamma a Kano ƙarfe 1 na dare ne a Guangzhou. Ƙarfe 8 na dare a Kumasi, lokacin da muka ci tuwo muka ɗauki waya don a nuna mana kalar leshi, ƙarfe 4 na asuba ne a wurinta. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye na barci. Wadda ba ta samu ba, jininta yana hawa, sha'awar zaƙi tana ƙaruwa, jurewar zafi tana raguwa, lissafin kuɗi ma yana kuɓuce mata. Ta sa wa kanta lokacin kashe waya, ta sanar da abokan ciniki. In da hali ta yi ƙailula bayan azahar ko ta minti 20 ce, Sinawa da kansu suna yi. Na'urar sanyaya ɗaki a tsayar da ita wajen 26, wanda shi ne ma'aunin da gwamnatin Sin ta sa wa gine-ginen hukuma tun 2007.

Alamun haɗari

Galabaitar zafi tana zuwa da gumi mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka da bugun zuciya da sauri. A kai ta wuri mai sanyi, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a sassauta tufafi, a shafa mata ruwa a yi fifita, a ba ta ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ba ta farfaɗo cikin rabin awa ba, sai asibiti.

Idan kuwa ta fara sambatu, ko ta rikice, ko ta suma, ko tana fizge-fizge, jiki ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne mai kisa. A kira 120, lambar motar asibiti a Sin, a ci gaba da jiƙa ta da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata. Kada a ɗura wa wadda ba ta cikin hayyacinta ruwa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A yi addu'a ana kan hanyar asibiti, kada a tsaya jiran tofi. A riƙa yawo da fasfo da adireshin masauki a rubuce da rubutun Sinanci.

Zazzaɓi ma ba abin wasa ba ne. Sauron Guangzhou yana ɗauke da zazzaɓin dengi da rani da kaka. A 2014 lardin Guangdong ya sami masu cutar fiye da 45,000, mafi yawansu a cikin birnin. Sauron da rana yake cizo, a ruwan da ya kwanta a bokiti da tukunyar fure yake haihuwa. Mai zazzaɓi kada ta sha asfirin ko ibufurofen kafin gwaji, don suna ƙara haɗarin zubar jini. Kuma tun 2021 aka tabbatar Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro irin namu, don haka likitan can ba lalle ya fara tunaninsa ba. A gaya masa daga Afirka aka zo, a nemi gwajin maleriya.

Tafiyar jirgi ma tana da nata. Daga Adis Ababa zuwa Guangzhou kaɗai awa 10 ne ko fiye, kuma zaman da ya wuce awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini a ƙafa. A sha ruwa, a tashi a taka. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, ko numfashi da ya ɗauke bayan sauka, asibiti ne nan take.

Magani da azumi

Mai hawan jini ko ciwon suga ta ga likitanta kafin tafiya, ta ɗauki maganin da zai wuce kwanakinta, a cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu. Allurar insulin ba ta son zafi. Tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Sin, kuma kada a karɓi ƙullin maganin wani don kai wa wani. Ramuwar azumi tana da lokaci har zuwa Sha'aban, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha takan jinkirta tata zuwa wannan wata. Mai bashin azumi tana iya ajiye shi zuwa watannin sanyi. Matafiyi yana da rangwame, mai ciwo ma haka. Wadda ta yi niyyar nafila a ranar zafi ta zaɓi ranar da ba ta da yawon kasuwa.

Rabon mutanen gida

Idan Hajiya ta kwanta ciwo a can, ba ita kaɗai ta kwanta ba. Jarin da ke hannunta na adashi ne da bashi da sautun maƙwabta. Asibiti sai an biya, kwanan otal yana ƙaruwa, tikiti yana ƙonewa. Biza ma ba ta jiran mai jinya: dokar Sin ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da aka wuce wa'adi, har zuwa 10,000, ban da yiwuwar tsarewa. Saboda haka abubuwa biyar muke roƙon gidajenmu.

Na ɗaya, a duba agogo kafin a kira ta, a tura saƙo ta gani da safe. Na biyu, a rage sautu. Kowane ɗan ƙaramin saƙo na "ki duba mini" wata kasuwa ce da wata awa a rana. Na uku, a ware kuɗin abinci da na asibiti dabam da jari, kuma maigida ko babban ɗa ya tabbatar an yi inshorar lafiya ta tafiya. Na huɗu, in da zaɓi, uwa mai shekaru ko mai ciwo ta ɗage tafiyarta zuwa Nuwamba ko bayansa, ko a haɗa ta da rakiya. Na biyar, idan ta dawo a bar ta ta huta kwana biyu kafin a cika mata ɗaki da masu karɓar kaya. Malamanmu da shugabannin mata su sa wannan a wa'azin islamiyya da taron suna, domin maganar da ta fito daga bakin manya ta fi shiga.

Tambayoyin bita ga majalisin gida

Me ya sa randa ba ta sanyaya ruwa da damina, kuma me wannan ke koya mana game da gumi? Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari? Waɗanne alamu ne ke nuna a kira 120 ba tare da jira ba? Idan ƙarfe 9 na dare ne a garinku, ƙarfe nawa ne a Guangzhou? A cikin gidanku, wa ke da alhakin tambayar mai tafiya ko ta ɗauki maganinta?

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, kuma sai da rai ake fatauci. Allah ya kare iyayenmu da matanmu da 'ya'yanmu a duk inda neman halal ya kai su, ya sa albarka a cinikinsu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.